Ɗan Maƙwabciyar Inna

Yayana shi ne ɗan farin Inna, kuma tunda nake a duniya ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Haka muka taso muka tarar a gidanmu a Nguru, haka ake yi a duk unguwar, wadda kakanninmu suka kafa lokacin da suka biyo jirgin ƙasa daga Kano neman kasuwar kifi. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta yabonsa, ba ta nuna wa kowa ta damu da shi. Ana yaye Yaya kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Da ya zama saurayi aka ba shi shagon da ke jikin zaure, sai ya koma "na shago". Ba wanda ya ga aibin haka. Cewa ake yi Inna mace ce mai kunya, kuma yabo ne babba.

Kunya aba ce mai kyau in kowa lafiyarsa ƙalau. Mu kuwa ciwo ne ya shigo mana gida.

Malamin firamare ne Yaya, mutum mai sanyi, in ba tone shi aka yi ba sai ya wuni bai ce uffan ba. A zamanin soja abin ya fara, lokacin da jirgi ya kusa daina zuwa, tashar ta zama wurin kiwon awaki. Kwatsam sai ga Yaya da surutu. Ba ya barci, ba ya gajiya, idonsa sai ƙyalli yake. Ya je rumfar Baba a kasuwa ya buɗe kwalayen bandar kifi ya yi ta raba wa masu wucewa, wai arziki na nan tafe, shi da kansa zai dawo da jirgi. Rannan a kan layin dogo aka kamo shi, ya miƙa zai tafi Kano a ƙasa ya yi wa manya magana. Bayan 'yan makonni kuma sai wutar ta mutu. Ya kwanta a shago ya juya wa ƙofa baya, ba wanka, ba ci sai an yi da gaske, in ya buɗe baki cewa yake shi kaya ne kawai a wuyan mutane. Muka sa wa abin suna biyu, tashi da kwanciya. Tsakaninsu yakan samu watanni ya dawo Yayanmu sak, har mu ce an rabu, sai kuma a koma.

Ba abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi har bangon shagon ya yi baƙi, an ɗauko malami daga can wajen Yusufari, an yanka rago. Ana cikin haka Baba ya rasu. Dangin matar Yaya suka zo da mota suka kwashe 'yarsu da kayanta, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, ko da yake a lokacin sai da na wanke su tas a tsakar gida. Kakarmu ta daɗe da rasuwa. Ƙannensa maza kowa ya kama gabansa, ni kuma ina aure a Gashuwa. Sai aka bar shi da mutum ɗaya tak, wadda ba ta iya shiga ɗakinsa.

Ku ji yadda Inna take jinya. Za ta dafa abinci ta kai bakin shago ta ajiye, ta yi gyaran murya, ta juyo da sauri. Ba za ta ce "ga abinci" ba. Sai ta kwaso duk aikinta, tsintar shinkafa, wanke-wanke, gyaran kuka, ta dawo da su gindin bangon shagon ta cikin gida, inda babu inuwa ko ta tsinke, don ta riƙa jin motsinsa. In ya yi tari ta ji. In ya juya ta ji. In shiru ya yi yawa sai ta saki kwano da gangan ya faɗi, ta kasa kunne ko ƙarar za ta sa ya motsa. Tun ranar da ya faɗi wata magana marar daɗi a kan ransa ta kwashe wuƙaƙen gidan, ta kwance igiyar guga, ta cusa su ƙarƙashin gadonta. Duk wanda zai ja ruwa sai ya zo wajenta, ta ba shi, ta tsaya a kansa ya gama, ta karɓe.

Na ce mata, "Inna, wai me kike yi a cikin wannan rana?"

Ta ce, "Nan ne iska take."

Iska, a Nguru, a tsakiyar bazara! Ni dai Allah bai ba ni haƙuri ba, kowa ya sani. Na ce, "Wace iska, fisabilillahi? Ki shiga ki gan shi mana, ai ɗanki ne!" Ta dube ni kamar na yi ashar a masallaci, ta ce in bar mata gida in ba zan iya bakina ba.

Duk zuwan da na yi sai na tarar ta ragu. Zanin da take ɗaurawa ya koma yana zagaye ta ya wuce. Ciwon kai ba ya barinta, in ta miƙe sai ta dafa bango. Na ja ta wajen mai kemis ya auna ta, ya ce jininta ya hau sosai, ta sha magani, ta riƙa barci, ta rage tunani. Ta yi masa godiya, muna fita ta ce yaron nan da ban dariya yake. Mutane suna tausayin Yaya, ni ma ina tausayinsa, amma a raina ba shi nake wa tsoro ba. Tsorona kada jinyar nan ta kashe mini uwa, shi yana kwance bai ma sani ba.

Bayan an koma mulkin farar hula ne mijina ya ji labarin wani ma'aikacin jinya mai duba masu irin wannan ciwo, yana zuwa wani asibiti a Gashuwa daga Maiduguri sau ɗaya a wata. Ya lallaɓa Yaya ya yarda. Ƙwayoyin da aka ɗora shi a kai sun yi aiki, ba laifi, tashin ya yi sauƙi ƙwarai, kwanciyar ce dai ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Duk wata kuma sai Inna ta biyo shi. Ba za ta ce rakiya ta yi ba, a'a, jikokinta ta zo gani. Yana gaban mota tana can baya, su ratso hanyar nan da ruwa da ciyawar kacalla suka cinye, a yi ta faɗawa rami ana fita, ba wanda zai ce wa wani sannu. In sun iso mijina ya zauna da shi a layi, ni da Inna mu koma gefe a bencin mata.

A bencin nan na san Iya. Tsohuwa ce 'yar Bade, manomiyar barkono, gajeriya, hannunta kamar na namiji, Hausarta da karkata amma ba ta ɓoye komai. Mijinta ya yi shekara da shekaru yana fama da irin ciwon Yaya. Gidanta na bayan asibitin, zana ce kawai ta raba rumfarta da hanya. Da farko ruwa take ba matan da suka gaji da jira, sai ya zama ana zuwa rumfarta sallar azahar, sai ya zama in an idar ba a tashi. Ba ƙungiya ba ce mai suna, ba shugaba, ba komai. Mata ne dai da kowace ta bar wani a kwance ko a layi: mai miji, mai ɗa, da wata Babarbariya doguwa wadda 'yarta tun da ta haihu ta daina magana, ba ta ko kallon jaririn.

Iya tana da dokokinta. A ko'ina in an ga mai jinya cewa ake "ya mai jiki?" A rumfarta an hana. Sai dai "ya mai jinya?" Kuma ba mai fita sai ta ci abinci a gabanta, tana kallo. Babbar dokar kuwa ita ce lalle. Kowane wata Iya za ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ga ta fi jigata sai ta nuna ta da baki, a kama ta a yi mata ƙunshi hannu da ƙafa, a naɗe da leda, a ɗaure da tsumma. Shi ke nan ta zauna. Ba ta iya tashi, ba ta iya ɗaukar komai, ko ƙuda sai an kore mata, abinci ma a baki ake ba ta. Iya takan ce, "Ku ai ba ku san zama ba sai an ɗaure ku. To na ɗaure ku." Na ga macen da aka gama ɗaure mata ƙafa ta jingina da ginshiƙi ta yi barci baki buɗe, ana hira a kanta ba ta sani ba.

Ni na fara zuwa, na zazzage cikina, na yi kuka na yi masifa, na ji daɗi. Da na ce wa Inna ta zo, sai ta ce, "Ni? In je in baza cikina a gaban baƙi? Allah ya kiyaye." Na bar ta. Wata na zagayowa na ce mata akwai gidan da za mu yi alwala mu yi salla a inuwa. Ta biyo ni. Ta zauna can bakin tabarma, mayafi har goshi, carbi a hannu. Da aka kawo shinkafa ta ce ta ƙoshi. Iya ta ce, "A gidan nan ba a ƙoshi, Hajiya." Ta ci loma kaɗan don kunya.

Zuwanta na gaba ne Babarbariyar nan ta yi wata magana. Ta ce wani lokaci in ta kalli 'yarta zaune kamar dutse, jariri na tsala kuka a gefenta, sai ta ji kamar ta shaƙe ta, kuma ita ta haife ta. Ba wadda ta ce subhanallahi. Wata ta miƙa mata ruwa. Sai na ji Inna ta yi gyaran murya, irin wanda take yi a bakin shago.

Ta ce, "Akwai wata maƙwabciyarmu a Nguru. Ita ma ɗanta ne ba lafiya."

Na buɗe baki zan ce wace maƙwabciya, Iya ta kai hannu ta murɗe mini cinya, murɗar da sai da ta yi kwanaki tana mini zafi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Allah sarki. Ita maƙwabciyar tana cin abinci kuwa?"

Inna ta ce, "Ba ya wuce mata."

"Barci fa?"

"Ta ce in ta rufe ido sai ta ga kamar ya fita."

"Akwai mai karɓarta ta huta?"

Inna ta ja carbi ta ce, "Ba ta da kowa."

Iya ta ce, "To in kin koma ki gaya mata, in ji ni, ranar da ta faɗi wa zai riƙe yaron? Yanzu miƙo ƙafarki a ƙunsa miki, ki kai mata ta ga yadda ake yi."

Inna ta miƙa ƙafa. Wallahi ta miƙa. Ni da kaina na ba ta abinci a baki rannan, tana ta cewa wannan wane irin abin kunya ne, tana kuwa haɗiyewa.

Daga nan duk wata sai an tambayi maƙwabciya. Kowa a rumfar ya san ko wace ce, Inna ma ta san sun sani, amma ba wadda ta taɓa tona asirin. Maƙwabciya ta fara shan maganin hawan jini. Maƙwabciya ta yarda wata 'yar'uwar Baba ta riƙa zuwa ranar Juma'a ta zauna mata, ita kuma ta shiga ɗaki ta kwanta. Fuskar Inna ta ɗan ciko. Har dariya na ji ta yi, ranar da Iya take kwaikwayon yadda mijinta ya taɓa hawa jaki a baibai ya ce shi ne hakimi.

A bakin maƙwabciyar nan na san uwata. Na ji yadda aka ɗauke mata yaro ranar yaye, tana jin kukansa daga ɗakin surukarta, nono na zuba, ita kuma tana daka kamar ba ta ji ba, don ana kallonta a ga ko za ta waiga. Na ji cewa ta san tarinsa a cikin tarin mutum ɗari. Na ji cewa ranar da ya fara koyarwa ta laɓe a bayan ƙofar zaure ta ga fitarsa da farar riga, ba ta gaya wa kowa ba. Kuma abu ɗaya take so a duniya, ta shiga shagon nan sau ɗaya ta ɗora hannu a kansa.

Iya ta ce, "To ki ce mata ta shiga mana."

"Ba a yi."

"Wa zai gan ta?"

"Ita za ta ga kanta."

Iya ta girgiza kai ta ce, "Kai, ku mutanen Kano, Allah ya shirye ku." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, haushi ne ya cika ni, amma na ce a raina a hankali za a kai can. Da gaske na ɗauka an samo hanya.

Ranar da abin ya lalace, da zafi ne, barkonon Iya na shanye a tsakar gida har yana sa atishawa. Ashe motar shinkafar mijina ta iso ana nemansa a kasuwa, kuma ma'aikacin jinya ya gama duba Yaya da wuri. Mijina ya ce wa Yaya ya jira shi a benci, yanzu zai dawo. Yaya ya gaji da jira, ya tambayi inda muke, aka nuna masa gidan. Namiji ba ya faɗa wa gidan mutane, sai ya tsaya a inuwar zana ta waje yana jira mu fito. Lokacin ya fara gangarawa cikin kwanciya, mun ga alama tun a makon.

Inna ce a ɗaure rannan, hannu da ƙafa. Kuma rannan ne ta faɗi abin da ya fi kowanne nauyi. Ta ce, "Maƙwabciyar ta ce in gaya muku wani abu, ku roƙa mata gafara. Wani lokaci in ta ajiye wa ɗan nata kwano ta ji shiru ya yi yawa, gabanta yakan faɗi, ta ce ko shi ke nan. To a ƙarƙashin faɗuwar gaban nan akwai wani abu kamar hutu. Sai ta wuni tana istigfari. Ta gaji ne. Ta ce ta gaji da shi, kuma ba ta son ta gaji."

Iya ta buɗe baki za ta ce duk mun san wannan, sai muka ji murya ta bayan zana.

"Inna."

Ba ihu ya yi ba. Da ma ihun ya yi.

"Inna, ni ne ɗan maƙwabciyar?"

Inna ta kai hannu za ta ja mayafi ta rufe fuska, hannun na cikin leda, ya ƙi kamawa. Ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ko a nan ma ni ba naki ba ne?"

Na ce, "Inna, ki yi magana! Don girman Allah ki ce masa wani abu!" Na ga maganar ta taso mata. Amma ɗan fari ne, ga mata cike da rumfa, ita kuma tun tana yarinya aka koya mata abin da ake yi a irin wannan wuri, shi ne a yi shiru. Ta yi shiru.

Iya ta miƙe ta ce, "Ɗana, zagayo ka shigo, gidanka ne. Zo ka ji sauran."

Ya ce, "A'a Iya, na gode. Na ji."

Muka ji takunsa yana tafiya. Sai a lokacin Inna ta kai hannu baki ta yage ledar da haƙora, ɗanyen lalle ya ɓata mata fuska da mayafi. Ta yunƙura ta miƙe, ledar ƙafa ta kwashe ta, ta zube a kan tabarma. Ni na fita da gudu ba ko takalmi. A tasha na same shi, ya riga ya shiga motar Nguru ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa.

Kada wani ya ce Yaya bai san al'ada ba. Ya sani sarai. Da yana lafiya har tsokanarta yake yi, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa bango, "A gaya wa masu gidan nan na fita," ita kuma ta juya baya tana murmushi. Amma wannan ciwo mugu ne, duk abin da ya samu sai ya juya shi ya zama shaida a kan mai shi. Na yi masa bayani har muryata ta dishe. Mijina ya yi. Na gaya masa zancen yaye, da farar riga, da hannun da take son ɗora masa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Na sani. Ta gaji ne. Kuma tana da gaskiya." Ya juya ya fuskanci bango.

Inna ba ta sake taka Gashuwa ba. Na roƙe ta, na yi fushi, na yi kuka, na ce kowace mace a rumfar nan ta taɓa faɗin abin da ya fi nata muni. Ta ce, "Na je na huta, ga abin da hutun ya jawo." Ta sallami 'yar'uwar Baba mai zuwa ranar Juma'a. Maganin hawan jinin ya ƙare ba ta ce a sayo ba, in na sayo na kawo sai in tarar da shi yadda na bar shi. Yaya ya shiga kwanciyar da bai taɓa yin mai tsawonta ba, mijina ne yake karɓo masa ƙwayoyi ya kai. Kwano yakan dawo yadda aka kai shi, kuma na lura in bai ci ba ita ma ba ta ci. Ta koma gindin bango, ta ƙara matsawa kusa.

Iya da kanta ta shiga mota ta zo Nguru, da ƙullin barkono da garin lalle. Inna ta tare ta da mutunci, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta sa aka dama fura. Suka yi zancen hanya, suka yi zancen ruwan bana. Can Iya ta ce, "Ya maƙwabciyarmu?"

Inna ta ce, "Ai sun tashi daga unguwar."

Na raka Iya tasha, da za ta hau mota ta riƙe hannuna ta ce, "Ki riƙa zuwa kusa-kusa, 'yata. Kuma ke kada ki daina zuwa wajenmu."

Na riƙa zuwa kusa-kusa, shi ya sa ina gidan ranar. Da hantsi ne, ina shara, tana gindin bango da faranti a cinya tana tsintar wake. Na ji farantin ya faɗi. Ban ko waiga ba, na ɗauka irin sakin kwanon nan ne da take yi don ta ji motsinsa. Sai na ji ba a tattara waken ba. Na juya na gan ta a kwance a gefe ɗaya, baki ya karkace, ido a buɗe.

Ihun da na yi ban san ina da shi ba. Na kama ta zan ɗaga, na kasa. Ba namiji mai lafiya a gidan. Sai ƙofar shago ta buɗe. Yaya ya fito, gashi ya cukurkuɗe, rana ta kashe masa ido, ya yi makonni bai taka tsakar gidan ba. Ya durƙusa ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya miƙe da ita. Ya ratsa zaure ya fita titi da ita a ƙirjinsa, ba takalmi, mutanen unguwa na kallo. A mota kanta na kan cinyarsa. Idonta na kansa tun daga gida har asibiti, ba ta kawar ba. Ko ba ta iya kawarwa ba ne, ko ba ta so ba ne, wannan ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Bakinta ya yi ta motsi, ba abin da ya fito.

Ba ta daɗe a asibiti ba. Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abarsa.

Matan rumfar Iya sun zo gaisuwa, mota guda, 'yan unguwa na ta tambayar su wane ne waɗannan, dangin wa. Na ce dangin Inna ne. Ƙannen Yaya maza suka zo suka yi kwanakin zaman makoki, kowa ya ce in an samu sarari za a zauna a yi shawara a kansa, suka koma inda suka fito.

Ranar da gidan ya watse, da la'asar, na same shi zaune a bakin shago, ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan gwiwa yana kallonsu. Na ɗauka ba zai yi magana ba, har na wuce.

Ya ce, "Ba ta da nauyi."

Na tsaya.

Ya ce, "Da na ɗauke ta. Na shirya zan ɗauki babban mutum, sai na ji kamar yarinya na ɗauka. Duk ƙashi ne. Tun yaushe take haka?"

Ni da ba a taɓa yi mini tambaya na rasa amsa ba, amsar tana bakina, cikakkiya, da zafinta. Na dube shi. Shi ma duk ƙashi ne.

Na ce, "An daɗe, Yaya."

Ya ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Na shiga ɗakin Inna na ɗauko ƙwayarsa ta yamma, na ɗebo ruwa a moɗa, na kawo masa. Na tsaya a kansa har ya haɗiye, don yanzu ba wanda zai tsaya sai ni.